Masu Share Wa Jama'a Hawaye, Wa Ke Share Nasu?

Kowace shekara, ran Talata ta uku ga watan Maris, ƙasashen duniya kan yi bikin ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ministoci da kwamishinoni su yi jawabi, a yaba wa ma'aikatan nan saboda haƙuri da tausayi, a ɗauki hoto, a watse. Kashegari ma'aikaci ya koma ofis ya tarar da tulin fayil ɗin da ya bari yana nan, har ma ya ƙaru. An daɗe ana haka, amma sai a 'yan shekarun nan ne aka tsaya ana tambayar abin da ya kamata a ce an tambaya tun tuni, watau wane hali su kansu ma'aikatan suke ciki, kuma yaya halin nasu yake shafar talakan da ya zo neman taimako a hannunsu.

Kafin a yi nisa, ya kyautu mai karatu ya san ko su wane ne ake nufi, domin sau da yawa akan haɗa su da nas-nas, ko da ma'aikatan agaji masu rabon hatsi a sansanin gudun hijira. Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne wanda ake kira in an tsinci jariri a juji, ko yaro ya ɓata a tashar mota ba a san iyayensa ba. Shi ke zama tsakanin mace da mijin da ya kore ta ya kuma ƙi ciyar da 'ya'ya. In yaro ya yi laifi, shi ke zuwa gidansu ya duba irin zaman da ake yi, ya rubuta wa alƙali rahoto kafin a yanke hukunci. A manyan asibitoci, kamar na koyarwa da ke Badun da na Idi-Araba a Ikko, shi ke fafutukar neman wanda zai biya wa majinyacin da likita ya sallama amma bashin asibiti ya hana shi tafiya gida. Yana ma da hannu wajen raba yaro da iyayensa, da izinin kotu, in an ga ran yaron na cikin haɗari. Ba a kiransa wurin suna ko ɗaurin aure. Sai inda abu ya lalace ake tunawa da shi.

Ƙungiyar ma'aikatan nan ta duniya, wadda aka kafa a birnin Munik na Jamus cikin 1956, kuma take da rassa a ƙasashe fiye da 140, ta haɗa gwiwa da wasu masana, cikinsu har da Farfesa Jermaine Ravalier, wanda a lokacin yake Jami'ar Bath Spa ta Ingila, suka tambayi dubban ma'aikata a sassan duniya irin halin da suke aiki a ciki. An buga sakamakon cikin 2022. Sun yi amfani ne da ma'aunin da hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ke auna wahalar aiki da shi, watau yawan aikin da aka ɗora wa mutum, da ikon da yake da shi kan tsara aikin nasa, da goyon bayan shugabanni da na abokan aiki, da yadda ake sanar da shi in za a yi canji. Abin da suka samu shi ne yanayin aikin waɗannan mutane yana cikin mafi tsanani in aka kwatanta da sauran sana'o'i makamantansa. To, amma fa ta intanet aka yi tambayoyin nan. Ma'aikacin da ke wata ƙaramar hukuma a ƙauyen Afirka, wanda ba wuta a ofishinsa balle kwamfuta, da wuya muryarsa ta shiga lissafi yadda ya kamata. Ke nan in kuskure ne a cikin sakamakon, ta wajen sassauci yake.

An bar jaki ana dukan taiki

Babu inda aka fi rubuta labarin wannan sana'a filla-filla kamar Ingila, domin su in yaro ya mutu a hannun iyaye ko masu riƙo sukan kafa kwamitin bincike, su buga rahoto kowa ya karanta. Saboda haka daga can ne ya fi sauƙi a ga yadda abin yake gudana.

Victoria Climbié yarinya ce 'yar ƙasar Kwaddibuwa, an haife ta kusa da Abijan cikin 1991. Wata gwaggon mahaifinta ta karɓe ta riƙo a kan za ta kai ta Turai ta sa ta makaranta, irin riƙon nan da kowane Bahaushe ya sani, wanda iyaye kan ba da ɗa da kyakkyawar niyya. Suka fara zama a Faransa, sa'an nan suka wuce Landan cikin 1999. Ran 25 ga watan Fabrairu 2000 yarinyar ta rasu tana da shekara 8. Likitan da ya duba gawarta ya ƙirga rauni da tabo 128 a jikinta. Aka ɗaure matar da farkanta rai da rai. Gwamnati ta naɗa Lord Laming ya bincika, ya kuwa miƙa rahotonsa a watan Janairu 2003 ɗauke da shawarwari 108. Ya gano cewa ofisoshin jin daɗin jama'a huɗu, da asibitoci biyu, da 'yan sanda, duk sun san da zaman yarinyar, kuma an sami dama har sau 12 da za a iya ceto ta aka bari ta wuce.

Ga wurin da ya shafi wannan sharhi. Ma'aikaciyar da aka damƙa wa fayil ɗin Victoria a hukumar unguwar Haringey ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma tana riƙe da fayil 19, alhali ƙa'idar ofishinsu ta ce kada a wuce 12. Ba ta kuma sami shugaba mai zama da ita ya duba aikinta yadda ya dace ba. Laming da kansa ya ɗora mafi girman laifi a kan manyan shugabannin hukumomin, waɗanda suka bar ofisoshi cikin wannan hali. Amma ita ƙaramar ma'aikaciyar ce aka kora, aka kuma hana ta aiki da yara, sai da ta yi shari'a kafin a janye hanin. Wasu daga cikin manyan kuwa tuni sun yi gaba zuwa muƙaman da suka fi na da tsoka.

Shekara bakwai bayan wannan, a unguwar nan dai ta Haringey, wani yaro mai wata 17, Peter Connelly, ya mutu a watan Agusta 2007 a hannun uwarsa da farkanta da ɗan'uwan farkan, bayan ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitoci da 'yan sanda sun gan shi kimanin sau 60 cikin wata takwas. Da aka gama shari'a a ƙarshen 2008, jaridar The Sun ta tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya masu neman a kori ma'aikatan. Aka buga hotunansu, aka yi ta aika musu da barazanar kisa. Ministan al'amuran yara na lokacin, Mista Ed Balls, ya tsaya gaban 'yan jarida ya sanar da tsige shugabar sashen yara ta Haringey, Sharon Shoesmith, ba tare da an saurari ta bakinta ba. Cikin 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta ce korar ba ta bi ƙa'ida ba, daga baya aka biya ta diyyar fam kusan 680,000. Likitoci da 'yan sandan da su ma suka ga yaron ba su sha rabin tsinuwar da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka sha ba.

Ba wai ana cewa ma'aikatan ba su yi sakaci ba. Sun yi, rahotanni sun nuna. Amma sai mai karatu ya tuna da ɗaya gefen. Cikin 1987, a yankin Cleveland na arewacin Ingila, an raba yara 121 da iyayensu cikin 'yan watanni bisa zargin ana lalata da su, daga baya kotuna suka mayar da mafi yawansu gida, jaridu kuwa suka yi ca a kan likitoci da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ana kiransu masu satar 'ya'yan mutane. In ka ɗauke yaro ka zama azzalumi, in ka bar shi ya mutu ka zama mai kisan kai. Gaba kura, baya sayaki. Kuma hukunci ne da mutum zai yanke a tsaye a ɗakin wani, cikin 'yan mintoci, a gaban iyayen da suka ƙware wajen ɓoye abin da suke yi. An ce ma a shari'ar Peter sai da aka shafa wa yaron cakulan a fuska don a rufe raunukansa ranar da ma'aikaciya ta zo.

Abin da tsoro ya haifar shi ne takarda. Kowane bincike ya zo da sababbin fom da za a cike, kowane ma'aikaci ya koyi cewa abin da zai cece shi ranar da ta ɓaci shi ne abin da ya rubuta a kwamfuta. Farfesa Eileen Munro, wadda gwamnati ta sa ta duba tsarin, ta nuna a rahotonta na 2011 cewa bin ƙa'idojin ofis ya danne ainihin aikin taimakon yara. Cikin 2018 ƙungiyar ma'aikatan ta Birtaniya ta fara wani gangami a kan cewa membobinta suna kashe kusan kashi 80 cikin 100 na lokacinsu wajen rubutu da aikin ofis, kashi 20 kacal tare da yara da iyalansu. A daidai wannan lokaci ne kuma tsuke bakin aljihun da gwamnati ta fara cikin 2010 ya zaftare kusan rabin kuɗin da hukumomin gari ke kashewa wajen taimakon iyali tun kafin abu ya lalace, aka rufe ɗaruruwan cibiyoyin yara. Yaran da ke hannun hukuma a Ingila suka tashi daga kimanin 60,000 cikin 2008 zuwa fiye da 80,000 cikin 2020.

Sakamakon haka sai gudu. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilmi ta Ingila ta watan Satumba 2022 ta nuna gurabe 7,900 na ma'aikatan yara ba kowa a ciki, watau kujera ɗaya cikin kowace biyar, an kuma cike wasu da ma'aikatan haya 6,800 daga kamfanonin dillancin ma'aikata, waɗanda suka fi tsada kuma suna iya tafiya duk ranar da suka ga dama. Tun cikin 2010 wani bincike ya ƙiyasta cewa ma'aikacin jin daɗin jama'a a Birtaniya kan yi kimanin shekara 8 a sana'ar ya bari, nas ta yi kusan ninki biyu na haka, likita kuwa 25. Duk wanda ya tafi, fayil ɗinsa kan koma kan waɗanda suka rage, su ma nauyi ya ƙaru, su fara neman hanyar fita. Yaron da ke tsakiya shi ke ɗanɗana kuɗarsa, domin a shekara guda sai ya ga baƙuwar fuska uku ko huɗu, kowacce ta ce ya sake ba ta labarin abin da aka yi masa tun daga farko. Cikin 2022 wani kwamiti ƙarƙashin Josh MacAlister ya ce gyaran tsarin na bukatar fam biliyan 2.6, gwamnati ta amsa da fam miliyan 200 cikin 2023.

Rai a hannu

A Amurka ma kanwar ja ce. Ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar ya ba da rahoto cikin 2003 cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ma'aikatan kare yara ke barin aiki kowace shekara, kuma galibi ba su cika shekara biyu. Sai dai can akwai ƙarin abu guda, watau makami a gidajen mutane. Ɗan sanda in zai shiga gidan da ake tsoro yakan tafi da bindiga da abokin aiki. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a (mafi yawan masu sana'ar mata ne, a Amurka da Turai duka) takan tafi ita kaɗai da jaka da biro. A watan Agusta 2015, a jihar Vermont, wata uwa da aka raba da 'yarta ta harbe ma'aikaciya a bakin ofis. A jihar Ilinoi an lakaɗa wa wata duka cikin 2017 sa'ad da ta je ɗauko wani ƙaramin yaro, ta rasu a farkon 2018, sa'an nan a watan Janairu 2022 aka daɓa wa wata wuƙa har lahira a gidan da ta kai ziyara. A birnin Los Anjelis kuwa hukuma ce da kanta ta gurfanar da ma'aikata huɗu gaban kotu cikin 2016 saboda mutuwar wani yaro ɗan shekara 8 da uwarsa da farkanta suka azabtar, sai cikin 2020 aka soke tuhumar.

Akwai kuma cutar da ba ta zub da jini. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, wanda ke aikin sa kai a wani asibitin kyauta na masu shaye-shaye a birnin Niyu Yok, shi ya fara bayyana ta cikin 1974, ya kuma ba ta suna da kalmar da ke nufin wutar da ta cinye itacenta ta mutu. Ya lura mutanen da suka fara aiki da zafin nama, bayan shekara guda sai ka ga sun yi sanyi, ba barci, ga saurin fushi, har su fara ganin masu neman taimako kamar abokan gaba. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a kundinta a matsayin lalurar da wurin aiki ke jawowa, ta kuma ba da alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga zuciyar mutum, da raguwar ƙwazo. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tebur ya ga ma'aikaci ya ƙi ɗaga kai ya dube shi, to, mai yiwuwa alama ta biyu ya gani. Wannan ba uzuri ba ne ga wulaƙanci, amma yana nuna inda wulaƙancin yakan samo asali.

Maganin da hukumomi da yawa suka fi so shi ne shirya wa ma'aikata kwas na koyon juriya da motsa jiki, domin shi ne mai araha. Jakin da aka yi wa lodi fiye da kima kuwa, rage kaya yake bukata kafin wa'azin haƙuri. Wasu ƙasashe sun gane haka. Finlan ta sa a doka cewa daga 2022 kada ma'aikacin kare yara ya riƙe fiye da yara 35, daga 2024 kuma 30, ko da yake wasu yankunan sun kasa cika ƙa'idar saboda ba su sami ma'aikatan ɗauka ba. Niyu Zilan ta amince cikin 2018 cewa an daɗe ana tauye albashin sana'ar don kawai ana ganin aikin mata ne, ta ƙara wa ma'aikatan hukumar yara kimanin kashi 30 cikin 100 a shekara biyu. A Japan, inda ƙarar cin zarafin yara da cibiyoyin gwamnati suka karɓa ta tashi daga 1,101 cikin 1990 zuwa fiye da 200,000 cikin 2020, sai da wata yarinya 'yar shekara 5 ta mutu a Tokiyo cikin 2018 kafin gwamnati ta yi alkawarin ƙara ma'aikata kimanin 2,000. An ɗauke su, amma sabon ma'aikaci ba ya zama gwani a dare ɗaya.

Inuwar giginya

A ƙasashen masu kuɗi kujeru ne ba mutane. A Afirka mutanen ne ba kujeru. Afirka ta Kudu ta ayyana sana'ar a cikin waɗanda ake ƙarancinsu tun 2003, ta fara ba ɗalibai tallafin karatu cikin 2007, tsarin raya ƙasarta na 2012 kuma ya ce ana bukatar ma'aikata 55,000 kafin 2030. Duk da haka dubban waɗanda gwamnati ta biya wa kuɗin karatun sun gama sun zauna gida, domin larduna sun ce ba kuɗin ɗaukarsu. Waɗanda ke aiki a ƙungiyoyi masu zaman kansu kuwa, suna yin aikin da doka ta ɗora wa gwamnati, amma albashinsu bai kai na takwarorinsu na gwamnati ba.

Yadda nauyi ya danne ma'aikatan ƙasar abin lura ne. Cutar ƙanjamau ta bar marayu masu ɗimbin yawa a hannun kakanni. Don kaka ta sami tallafin riƙon maraya, wanda ya fi tallafin yara na yau da kullum kauri, dole kotu ta ba da umarni, a kuma riƙa sabunta shi duk shekara biyu da rahoton ma'aikacin jin daɗin jama'a. Tsarin da aka shirya don yaran da ake zalunta sai ya cika da yara fiye da 500,000, galibinsu talauci ne kawai ke damunsu. Ma'aikata suka koma magatakarda, takardu suka fi ƙarfinsu, tallafin yara fiye da 100,000 ya tsaya, har sai da babbar kotu ta sa baki cikin 2011. A duk tsawon lokacin nan, yaron da ake duka a ɗaki ba shi da mai zuwa duba shi.

Sa'an nan ga masu zawarci daga waje. Tun wajen shekara ta 2000 hukumomin garuruwan Ingila ke zuwa Zimbabuwe da Afirka ta Kudu ɗibar ƙwararrun ma'aikata, domin sun yi karatu da Turanci kuma tsarin dokokinsu na kama da juna. Ba mai ganin laifin wanda ya tafi neman abin rufin asiri. Amma talakan Harare ne ya biya harajin da aka horar da ma'aikacin, yaron Ingila ke cin moriya: inuwar giginya, na nesa ka sha. A nan ya kyautu a bambance wani abu da ke rikita matasa. Bizar da Birtaniya ta buɗe a watan Fabrairu 2022, wadda 'yan Nijeriya da yawa suka sayar da kadara suka bi, ta masu jinyar tsofaffi ce a gidaje, aikin da ba ya bukatar digiri. An hana masu ita tafiya da iyali a watan Maris 2024, aka kuma rufe ɗaukar sababbi daga waje a watan Yuli 2025. Ma'aikacin jin daɗin jama'a dabam yake, sai ya yi rajista da hukumar sana'ar ta can kafin ya taɓa fayil.

Ɗan abin da ya rage a ƙasashen Afirka da yawa, kuɗin waje ke riƙe da shi. Shirin yaƙi da ƙanjamau da Shugaba George Bush ya kafa cikin 2003 ya ware kashi 10 cikin 100 domin marayu da yara marasa galihu, da wannan ne aka riƙa biyan alawus na dubban masu bin gida-gida a unguwanni. Da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da agajin waje a watan Janairu 2025, ta kuma rushe hukumar agajin Amurka a tsakiyar shekarar, da yawa daga cikin waɗannan ayyuka sun tsaya cik, fayil ɗin yara na cikin kabad.

Ikko da baƙinta

A Nijeriya, a Ikko aka haifi wannan sana'a. A farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki suka kawo wani Bature, Donald Faulkner, don ya duba al'amarin yaran da ke gararamba a titunan birnin. Cikin 1943 aka yi dokar yara da matasa, wadda ta buɗe hanyar kafa kotun yara, ta kuma taƙaita tallan ƙananan 'yan mata a titi. Ke nan tun ran gini aka yi zane: aikin ya taso ne a haɗe da kame da tsare yara, shi ya sa har yau talaka in ya ga motar ma'aikatar yakan fara tunanin gudu kafin tunanin taimako. Gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar raya jin daɗin jama'a cikin 1974, ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa cikin 1975, amma sai da suka jira har watan Disamba 2022 kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta yi musu rajista, bayan ya ƙi sa hannu a farkon 2018. Kusan shekara 50 ke nan duk wanda ya ga dama yana iya buɗe gidan marayu ya kira kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a.

Dokoki kam an yi. Akwai dokar haƙƙin yara ta Tarayya ta 2003, Jihar Legas ta yi tata cikin 2007, Kano ta bi sahu cikin 2023. Kowace daga cikinsu ta dogara ne a kan a sami ma'aikacin da zai je gida ya duba, ya rubuta rahoto, ya tsaya a kotu. An ga bukatar ƙiri-ƙiri a watan Satumba 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Kamen na yini ɗaya ne, neman iyayen kowanne da duba lafiyar hankalinsa aikin watanni ne. Haka aka sake gani cikin 2020, da gwamnonin Arewa suka yi ta mayar wa juna almajirai a motoci lokacin annobar korona. Sa'an nan a tuna, ziyarar gida da mota ake yinta. Farashin litar fetur ya tashi daga ƙasa da Naira 200 a farkon 2023 zuwa sama da Naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi kuwa Naira 70,000 aka tsayar a watan Yuli 2024. Ma'aikacin da ofishinsa ba mota, in zai bi sawun yaro daga Alausa zuwa Ikorodu ko Badagiri, sai dai ya taɓa kuɗin cefanen gidansa, ko ya rubuta cewa za a je wani lokaci.

Ɗan Arewa mazaunin Kudu yakan gamu da ma'aikatan nan ne a ranar da ba ya fata: ranar da aka yi kamen mabarata aka kwashe wani nasa zuwa Majidun ta Ikorodu, ko ranar da ɗan'uwa ya yi hatsari da babur asibiti ya riƙe shi, ko yaron da aka aiko daga gida ya ɓace a Mil 12. A gidan naƙasassu na Oko-Baba da ke Ebute Meta, mafi yawan mazauna 'yan Arewa ne. Ga gajiyayyen ma'aikaci da ba ya jin Hausa, ga baƙon da ba ya jin Yarbanci ko Turanci, ba shi da takardar haihuwar ɗansa, ba shi da adireshin da za a rubuta a fom. A irin wannan haɗuwa ce uba na gaskiya kan yi kama da ɓarawon yaro, wanda kuma ke bautar da yaran mutane ya wuce salin alin don ya iya magana.

Giɓin nan, sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, da limamai da shugabannin kasuwa ke toshe shi, ba albashi ba horo. Su ke karo-karon kuɗin asibiti, su ke karɓo gawa, su ke sa yaro a motar Kano. Da rikicin kasuwar Shasha ya ɓarke a Badun a watan Fabrairu 2021, gidan Sarkin Sasa ne ya zama mafakar waɗanda aka ƙone wa rumfuna. Wannan abin yabo ne, amma yana da iyaka, domin sarki ba shi da ikon tsayawa a kotun iyali, kuma sulhun zaure wani lokaci kan rufe laifin da aka yi wa yarinya don gudun abin kunya. Abin da zai fi amfani shi ne fadojin nan su san jami'in da ke kula da yankinsu tun kafin ranar tsiya, su ba shi tafinta amintacce, su kuma matsa wa ma'aikatun jihohi su ɗauki masu jin Hausa. 'Ya'yan baƙi da aka haifa a Kudu, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, su suka fi kowa dacewa da aikin, ga shi kuwa ana koyar da shi a jami'o'in Badun da Nsukka da Binin, da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Majalisar da dokar 2022 ta tanada, aikinta rajista ne da tsara karatu da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Ɗaukar ma'aikata, da albashinsu, da motar zuwa ziyara, da yawan fayil ɗin da za a ɗora wa mutum ɗaya, galibi suna hannun gwamnatocin jihohi, kuma a kasafin kuɗin da gwamna ke kai wa majalisar dokoki a ƙarshen kowace shekara ake yanke su.